Cigiya Tun Kafin Ɓata: Tanadin Mai Keke a Hasahisa da Ƙauyukanta

Shekaru kaɗan kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023, kawuna ya jingine kekensa a gindin wata darbejiya da ke bakin kasuwar Hasahisa, ya shiga masallaci sallar azahar. Ko da ya fito, sai inuwa kawai ya tarar. Keken nan Phoenix ne baƙi, ƙirar ƙasar Sin, shekararsa goma sha ɗaya a hannunsa, kuma a kansa yake ɗauko kuɓewa da albasa da tumatir daga lambunsa na bakin kogi. Bayan mako uku wani yaro ya kawo labarin ya ga mai kama da shi a rumfar wani mai faci. Na raka Kawu muka je. An shafe keken da koren fenti, an sauya sirdi, an cire ƙararrawa. Mai facin, wanda shi ma Bahaushe ne, ya saurare mu da ladabi, sa'an nan ya ce: "Baba, ban ƙaryata ka ba, amma wanda ya kawo shi gyara ya ce saye ya yi. Mece ce shaidarka?" Kawu ya ce: "Ɗana, ko cikin duhu na dafa keken nan na san shi."

Gaskiya ya faɗa, sai dai gaskiyar ba ta da hanyar fita daga ƙirjinsa ta shiga na wani. Da dattawa suka zauna suka nemi ya faɗi kamanni, iyakar abin da ya kawo shi ne baƙi ne, Phoenix ne, yana da kariya a baya, siffar da ta dace da kekuna barkatai a kasuwar. Bai san lambar da ke jikin ƙarfen ba, hasali ma bai san da ita ba. Takardar da aka ba shi ranar da ya saya ta daɗe da bin ruwan wata damina. Wanda aka sami keken a hannunsa kuwa ya kawo mutum biyu da suka ga lokacin da ya ƙirga kuɗi ya biya. Ƙarshenta aka yi sulhu: Kawu ya biya rabin abin da mutumin ya ce ya kashe, ya turo kekensa gida. Ya sake sayen abin da yake nasa ke nan.

Ra'ayina shi ne, duk mai keke ya kamata ya ɗauka cewa akwai ranar da za a iya ɗauke masa shi, ya kuma yi wa ranar tanadi tun keken yana jingine a ƙofar ɗakinsa. Mafi girman tanadin, a ganina, aiki ne na harshe: mutum ya rubuta cigiyar kekensa tun bai ɓata ba, ya sa shaidu, ya ajiye. Kwaɗo da sarƙa suna da amfaninsu, zan kuma zo kansu, amma aikinsu yana ƙarewa da zarar ɓarawo ya yi nasara. Daga nan sai magana, kuma wanda bai tanadi magana ba shi ne mai yin ihu bayan hari.

Abin da keke yake ga mutumin Jazira

Mai karatu na Kano ko Maraɗi yana iya cewa me ake da keke har da za a ɓata masa tawada. Sai ya san yadda ƙasar take. Hasahisa tana gaɓar yamma ta kogin Shuɗin Nilu, a kan hanyar da ta haɗa Khartum da Wad Madani, garin Rufa'a yana kallonta daga ƙetare. Yamma da ita kuwa shimfiɗaɗɗiyar ƙasar noman rani ce ta Jazira, wadda aka fara shayarwa da ruwan madatsar Sinnar a 1925, ta kuma kai kimanin fadan miliyan 2 bayan an haɗa mata yankin Managil. Ƙauyuka a warwatse suke tsakanin magudanun ruwa. Daga gida zuwa hawasha, wato gonar da aka yanka wa manomi, daga hawasha zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa asibiti ko makaranta, duk tafiya ce a kan gaɓar magudana, inda keke yake wucewa salin-alin in ba damina ta mai da baƙar ƙasar nan taɓo ba.

Hausawa sun daɗe a wannan ƙasa. Wasu mahajjata ne da suka biyo ta Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan, guzuri ya ƙare suka yada zango, zangon ya zama gari. Wasu sun biyo hijirar da ta auku bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har suka kafa garin Mai Wurno kudu da Sinnar. Wasu kuma aikin auduga ne ya jawo su, suka zauna a ƙauyuka da kuma matsugunan leburori da ake kira kambo. Da yawa cikinsu ba su da hawasha ta kansu. Ƙodago suke yi, ko noman raba-daidai, ko lambu, ko su, ko ƙananan sana'o'i irin su sayar da agashe, naman nan da sunansa ma ya nuna daga bakin wa ya fito. Ga irin wannan mutum keke jari ne. Ranar da aka ɗauke shi, kayan lambu za su yi yaushi kafin su isa kasuwa, madara za ta yi tsami a hanya, yaro zai makara makaranta.

Yaƙi ya ƙara wa abin nauyi. A watan Disamba na 2023 dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF suka kama Wad Madani, Hasahisa da Rufa'a ma suka faɗa hannunsu cikin 'yan kwanakin nan. Sojojin gwamnati sun karɓe Wad Madani ranar 11 ga Janairu, 2025, Hasahisa kuma makonni kaɗan bayan haka. A tsakanin lokutan biyu an kwashe motoci da babura da taraktoci da wayoyin hannu, man fetur ya yi wuya, abin hawa ya koma keke da jaki da amalanken da ake kira karo. Abin da ya yi daraja a idon mai shi, ya yi daraja a idon ɓarawo. Yanzu da jama'a ke komawa gidajensu, mutane suna cin karo da kayansu a hannun wasu, tambayar mai facin nan kuma ta zama tambayar kowa.

Sata suna ta tara

Hausa ba ta haɗa ɗaukar kayan mutane a kalma ɗaya ba. Sata ita ce ɗauka a ɓoye, mai kaya bai sani ba. Sane na aljihu ne, cikin cunkoso. Ƙwace a gaban idon mai abu ake yi, da fin ƙarfi. Fashi ƙwace ne da makami, yawanci a hanya ko da dare. Wawaso kuwa na taro ne, sa'ad da doka ta kau, kowa ya ɗebi abin da hannunsa ya kai. Larabcin Sudan ya yayata tasa kalmar a wannan yaƙi, shafshafa, har ta shiga bakin yaranmu, aka kuma riƙa kiran wuraren da ake sayar da kayan wawaso kasuwannin Dagalo. Dokar laifuffuka ta Sudan ta 1991 ita ma ta rarrabe: sashe na 174 na sata ne, na 175 na fashi, na 181 kuma na karɓar kayan sata.

Amfanin wannan rarrabewa ga mai keke shi ne ya san iyakar kowane tanadi. Kwaɗo maganin sata ne kawai. Wanda ya tsare ka da bindiga a bakin magudana ba ya tambayar makulli, kuma hankali shi ne ka sauka ka miƙa, domin rai ya fi ƙarfe. Amma ko ta wace hanya keke ya fita hannunka, wuri ɗaya yake nufa, wato hannun mai saye, ta rumfar mai faci ko bakin kasuwa. A nan ne rubutacciyar shaida take aiki, ko sata ce, ko fashi, ko wawaso.

Cigiya fasaha ce

Ɗaliban Hausa sun san cigiya a matsayin wani nau'in zance mai tsari. Mai cigiya yakan faɗi abin da ya ɓata, ya faɗi kamanninsa, ya faɗi wuri da lokacin da aka yi masa ganin ƙarshe, ya faɗi inda za a kai shi, ya rufe da addu'a ko alkawarin tukwici. Ƙarfin cigiya yana cikin gaɓa ta biyu. Kakanninmu sun ƙware a kanta ƙwarai a sha'anin dabbobi. Wanda dokinsa ya ɓata ba ya tsayawa a kan baƙi ko fari: akwai akawal, akwai kili, akwai danda, da hurde, da bidi, da gunya, da aharas, kowanne da launin da yake nufi, sa'an nan a ƙara da tabo da tsagar kunne da lalas. Makiyayan Butana, gabas da mu, suna da wasam, tambarin da ake yi wa raƙumi da wuta, wanda masani zai duba ya gaya maka dangin masu shi.

Keke ya zo mana daga masana'anta, dubbai kama ɗaya, harshenmu kuma bai yi masa irin hidimar da ya yi wa doki ba. Sunaye dai yana da su. Akwai keke, kalmar da ta yaɗu har ta haifi keken ɗinki da keken rubutu da keken guragu. Akwai basukur, da aka aro daga Ingilishi, akwai laulawa ta mutanen da, akwai kirarin dokin ƙarfe. A Jazira kuma ajala ta Larabcin Sudan tana gogayya da keke a bakin matasa, mai gyara ya zama ajalati, sarƙa ta zama janzir, kwaɗo ya zama ɗabla. Farfesa Al-Amin Abu-Manga, wanda ya wallafa littafi a 1999 a kan yadda Hausar Sudan take sajewa da Larabci, ya yi nazarin irin wannan aro da faɗi. Abin da ya dame ni a nan shi ne abin da yake faruwa ranar shari'a: dattijo ya san sassan kekensa da Hausa, mai rubuta ƙara yana jin Larabci, ɗan da ya zo tafinta bai cika ko ɗaya ba. Cigiyar da aka rubuta cikin natsuwa, da harsunan biyu, ta fi wadda ake lalube cikin ɓacin rai.

Fiƙihun da muka karanta a zaure ya riga ya koya mana darajar siffantawa. A babin tsintuwa, wanda ya tsinci abu yakan yi shelarsa shekara guda, mai nema kuma sai ya siffanta jakar da maɗaurinta kafin a miƙa masa. A babin istihƙaƙi na mazhabar Malikiyya, wanda ya tabbatar da hujja cewa abu nasa ne, ya kuma rantse bai sayar ba bai bayar ba, yana karɓar abinsa daga hannun mai saye ba tare da ya biya ko sisi ba, shi mai sayen ya koma wa wanda ya sayar masa ya nemi kuɗinsa. Ashe da Kawu yana da hujja, da bai biya rabin nan ba. Hukunci yana gefensa, shaida ce ta gaza.

Me za a rubuta?

Farko lamba. Kusan kowane keke yana da lambar da aka buga a jikin firam, yawanci a ƙarƙashin inda ƙafafun feda suka haɗu, ko a wuyan bututun da sirdi yake shiga, ko kusa da inda tayar baya take ɗaure. A kifa keken, a goge laka da maiko, a kwafe ta harafi bayan harafi. Haruffan na boko ne, saboda haka wanda hannunsa ya saba da ajami ko Larabci ya nemi ɗan makaranta ya kwafa, wani kuma ya karanta ya gwada, domin sifili da harafin O suna ruɗi, haka ɗaya da harafin I.

Sai kamannin da fenti ba ya rufewa. Launi da sirdi da ƙararrawa da madigadi ɓarawo yana sauya su cikin yini ɗaya. Abin da ba ya sauyuwa da sauƙi shi ne walda da aka yi a wuri kaza, lotsawar da firam ya yi ranar da aka faɗa magudana, ƙusar da ba irin sauran ba. Waɗannan su ne tabo da tsagar kunnen keke.

Sai alamar ɓoye, wadda mai keke zai yi da hannunsa. Ya rubuta sunansa da na mahaifinsa da na ƙauyensu a 'yar takarda, ya naɗe cikin leda, ya zare sirdi ya tura ta cikin bututun, ko ya cire robar hannu ya cusa cikin ƙarfen kan keke. Yana kuma iya sa maƙeri ya buga masa ɗigo uku ko huɗu a wani lungu na firam, domin gwanin ɓarawo yakan goge lambar masana'anta da zarto, amma ba ya neman abin da bai san da shi ba. Ranar jayayya mai keke zai ce a zare sirdi a gaban jama'a, gani kuwa ya kori ji.

Sai takardar ciniki. Wanda ya saya a kanti ya karɓi fatura, ya tabbata an rubuta lambar firam a kanta. Wanda ya saya a hannu ya sa a rubuta sunan mai sayarwa da garinsu da kuɗin da aka biya da kwanan wata, mutum biyu su sa hannu. Wanda ya gada ko aka ba shi kyauta, ko takardarsa ta ɓata kamar ta Kawu, ya kira maƙwabta biyu da suka daɗe suna ganin keken a hannunsa su shaida yau, tun babu rigima, domin shaidar da aka rubuta kafin husuma ta fi wadda aka nemo bayanta nauyi.

Daga ƙarshe, kada a ajiye duka a wuri ɗaya. Hoto a waya yana da kyau, amma mun ga yadda aka ƙwace wayoyi, mun kuma ga yadda layukan sadarwa suka ɗauke a watan Fabrairu na 2024 aka daɗe ba su dawo ba. A aika hoton keken da na lambar da na takardar ga ɗan'uwa da ke Gadarif ko Kasala ko Jidda ko Kano. Kwafi ɗaya na takarda ya zauna a gida, ɗaya wurin liman ko shehin ƙauye.

Kwaɗo da ma'ajiya

Malaman fiƙihu ba su ɗora haddin sata ba sai an ɗauki abu daga hirzi, wato ma'ajiyar da aka saba tsare irinsa a ciki, kuma ƙimarsa ta kai rubu'in dinari ko dirhami uku. Darasin da ke ciki shi ne shari'a kanta tana sa ran mai kaya ya yi nasa ƙoƙarin. Bahaushe ya faɗi haka da nasa salon: in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ƙaramin makullin nan da ke maƙale da tayar baya yana hana a hau keke ne kawai, ba ya hana mutum biyu su ɗaga shi su jefa a karo su rufe da kara. A ratsa sarƙa ta cikin firam da tayar baya, a zagaya ta jikin abin da ba ya ciruwa, a ɗaga kwaɗon daga ƙasa don kada a samu inda za a ɗora shi a doke da dutse. Da dare keke ya kwana cikin ɗaki ko rumfar da ake kwana kusa da ita. A kasuwa gara a bar shi gaban mai shagon da aka sani, a kuma gaya masa da baki, domin amanar da ba a furta ba ba ta hau kan kowa ba. Lokutan da hankali ke ɗaukewa su ne na ɓarawo: sallar Juma'a, gidan biki, zaman makoki, da shigar nan ta "yanzu zan fito". Aro ma ƙofa ce. Ba na cewa a hana maƙwabci, amma a ba shi keke tare da sarƙarsa da makullinsa.

Littafi ɗaya a kowane ƙauye

Tanadin mutum ɗaya yana da iyaka, domin ɓarawo yana rayuwa ne da mai saye. Kasuwannin dabbobi na Sudan, irin ta Tambul da ke ƙetaren kogi, sun daɗe da magance wannan da damini, mutumin da ke lamunce wa mai saye cewa dabbar ba ta sata ba ce, in ta zama ta sata kuma shi za a kama. Dillalin Hausa ma da haka ya cancanci la'adarsa. Me zai hana a yi wa keke haka? Kowane ƙauye ko kambo ya sami littafi ɗaya na 'yan makaranta, a rubuta sunan mai keke da ƙirarsa da lambarsa, in an sayar a soke a rubuta sabon suna. Masu faci su yarda a tsakaninsu cewa ba za su sake wa keke fenti ba, ba za su saye shi su wargaza ba, sai sun ga takarda ko lamuni.

Wannan ba sabon abu ba ne a duniya. Dattawan Arewacin Nijeriya suna tuna lasin keke na zamanin En'e. Japan ta wajabta rajistar kekuna tun 1994, Faransa kuma ta wajabta sa wa sababbin kekuna lambar shaida daga farkon 2021. Bambancin abin da nake kira gare shi shi ne babu haraji a ciki, kuma littafin yana hannun jama'a.

Abin da za a ce da ni

Na san za a ce wannan ƙarancin tawakkali ne, ko fatan tsiya, wai mai shirya wa ɓarawo kiransa yake yi. Amsar tana cikin sanannen hadisin mai raƙumar nan da Tirmizi ya ruwaito, wanda aka umarta da ya ɗaure ta sa'an nan ya dogara ga Allah. Mun yarda da rubuta bashi, mun yarda da wasiyya, ba wanda ya ce mai rubuta wasiyya mutuwa yake kira.

Za a kuma ce mutanenmu suna tsoron rajista, kuma wannan tsoro yana da tushe. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya tabbatar kakanninsa na wajen uba suna zaune a Sudan tun 31 ga Disamba, 1897, sharaɗin da ya bar jikokin mutanen Burmi da dubban mahajjata a waje, suka yi shekaru suna fama kafin a sassauta. Wanda takarda ta taɓa cuta ba ya marmarin ganin alƙalami. Amma a duba da kyau: abin da ya cuce mu a wancan lokaci rashin takarda ne a hannunmu, alhali tana hannun wasu. Yau kuma mazauna kambo suna cikin waɗanda aka fi saurin zargi, an kuma kai wa wasu matsugunansu hari a farkon 2025. Saurayin da aka tsare a shinge da keke mai kyau, takardar cinikin da ke aljihunsa tana iya tsare masa abin da ya fi keken.

Wani zai ce ina amfanin lamba inda ofishin 'yan sanda bai gama tsayawa da ƙafafunsa ba. Na yarda ba kowane balagi ne ke dawo da kaya ba. Duk da haka a shigar da shi in da hali, domin takardar ƙara tana tabbatar da ranar da abu ya fita hannunka. Ban da haka, yawancin irin wannan rigima a gaban dattawa take mutuwa, su ma kuwa hujja suke nema, kamar yadda na gani da idona.

Tanadin aljihu da na zuciya

Akwai keken da ba zai dawo ba ko an yi duk wannan. Saboda haka masu sana'a da keke su yi wa kansu asusu, irin adashin da muka sani, wanda maƙwabtanmu ke kira sanduk: kowa ya riƙa zuba kaɗan ranar kasuwa, wanda tsautsayi ya faɗa wa a tallafa masa ya sayi na hannu, da sharaɗin kekensa yana cikin littafi kuma ɗaure yake lokacin da aka ɗauka. Gayya muke yi wa gona da rufin ɗaki, ba za ta gagare mu a kan wannan ba.

Zuciya ma tana bukatar shiri. Wanda aka yi wa sata ba shiri yakan shiga zato, ya dubi ɗan maƙwabci da baƙon da ya sauka jiya da almajirin da ya wuce, zumuncin shekaru ya lalace a kan abin da ba a tabbatar ba. Ihun "ɓarawo!" a kasuwa kuma ya sha cin ran wanda bai ji ba bai gani ba. Wani fim na ƙasar Italiya da Vittorio De Sica ya shirya a 1948 ya ba da labarin magidancin da aka sace wa keken da aikinsa ya dogara a kai, ya yi ta nema bai samu ba, har ya kai hannu ga na wani, aka kama shi a gaban ƙaramin ɗansa. Mai lamba a rubuce ba ya bukatar zato. Cigiyarsa zai kai wa masu faci da dillalai da limamai, ya jira, in rabo ya rantse kwana dubu na ɓarawo ne, rana ɗaya ta mai kaya.

Ga ɗaliban da ke bibiyar waɗannan darussa, ina ba da aiki mai fuska biyu. Kowa ya je rumfar mai faci mafi kusa da shi, a Hasahisa yake ko a Mai Wurno ko a Zariya, ya tattaro sunayen sassan keke kamar yadda ake faɗarsu a wurin, ya rarrabe na asali da na aron Ingilishi da na Faransanci da na Larabci. Sa'an nan ya zaɓi dattijo ɗaya mai keke a danginsa, ya kifa keken, ya goge lambar, ya rubuta masa cigiya cikakkiya da Hausa da kuma harshen hukumar ƙasarsa. Ni na yi wa Kawu tasa a daren da muka dawo daga sulhu, ya karɓa ya sa cikin gafakarsa, ya ce: "Ɗana, da ka yi mini wannan bara, da kuɗin albasata suna aljihuna." Allah ya tsare mu da abin da ya ba mu.